Bayan Hannuwana

Shi ya ba da labarin a wajen karɓar marasa lafiya. Ni ina kan keken tura majinyata, hannuwana a ɗage kamar mai addu'a, don in na sauke su zugin sai ya ninka. Ya ce ina suya ne, hannun kaskon ya kama gefen zanina, kaskon ya kife. Nas ɗin ta rubuta. Likita ya zo ya sake tambaya, mijina ya sake faɗa, ko kalma ɗaya bai canza ba. Babu wanda ya dube ni ya ce, "Haka ne?" Ko da an tambaye ni ma, a lokacin bakina ba abin da yake iyawa sai ihu.

Ga abin da ya faru. Ina aiki a wani shagon buga takardu, ni ce a kan kwamfuta, shekara shida. Takardun makaranta, wasiƙun neman aiki, katin gayyata, duk abin da aka kawo da rubutun hannu ni nake fitar da shi tsaf. Mai shagon ya buɗe wani reshe kusa da tashar mota, ya ce ni zan riƙe shi, da makulli da komai. Na faɗa wa mijina da safe, ina soya dankalin da 'yarmu za ta tafi da shi makaranta. Ya ce bakin tasha wurin maza ne, ba zan je ba. Na ce na riga na amsa. Ya ce in maimaita. Na maimaita, ban ko juyo ba. Ban ji takunsa ba, sai dai na ga hannunsa ya wuce ta gefena ya kama kaskon. Na juyo na kare fuskata. Man ya sauka a bayan hannuwana biyu har gwiwar hannu, ya sami gefen wuyana da kafaɗar hagu.

Shi ya buɗe famfo ya tura hannuwana ƙarƙashi, yana kuka har ya fi ni. Shi ya fita a guje ya taro mota.

Mutanen unguwarmu Injiniya suke ce masa. Gyaran wutar lantarki yake yi, kuma ya iya aikinsa. In fitilar wata tsohuwa ta mutu, zai ɗauki tsaninsa ya je ya gyara, ya ƙi karɓar komai sai godiya. Ni kaɗai na san yadda jijiyar gefen goshinsa ke tashi kafin hannunsa ya tashi. Shekara takwas muna tare. Mari na sha, bangaza na sha, sau ɗaya kuma na tafi gida da kumburarren ido, lokacin Abbanmu na da rai. Kwana uku na yi, Injiniya ya zo ya durƙusa ya yi ta rantse-rantse, aka ce in ɗauko mayafina. Tun daga nan ban ƙara kai ƙara ba.

Aka kwantar da ni a ɗakin masu ƙuna na mata. Gado takwas ne, nawa na shida, jikin bango. Fanka ɗaya ce a sama, tana juyawa kamar an tilasta mata. An naɗe hannuwana da bandeji tun daga yatsu har gwiwar hannu, suka koma kamar ƙananan matasan kai guda biyu. Ba na iya riƙe cokali. Ba na iya sosa hancina. In zanina ya zame, sai na jira wani ya gyara min.

Wanin kuwa shi ne. Ya rufe shagonsa. Da an buɗe ƙofa da safe shi ne farkon shigowa, da filas ɗin shayi da burodi, kuma sai mai gadi ya kaɗa ƙararrawar tashin baƙi sau biyu kafin ya miƙe. Shi ke goge min haƙora. Shi ke hura shayi ya kai min baki, ya tara tafinsa ƙarƙashin haɓata kada ya zuba. Wayata na aljihun rigarsa. In an kira sai ya duba sunan, in ya ga dama ya kara min a kunne, yana tsaye yana jin duk abin da ake cewa. Da mai shagonmu ya kira a rana ta uku, bai kara min ba. Ya fita baranda da wayar, na jiyo shi yana godiya, yana cewa a nemi wata kawai, wannan hannun ya gama da kwamfuta.

A gado na biyar akwai wata tsohuwa da ruwan zafi ya zubo wa a ƙafa, kowa Iya yake ce mata. Bakinta ba ya hutawa.

"'Yar nan, a ina kika samo wannan?" ta ce min, tana nuna shi da leɓe. "Nawa, Allah ya jiƙansa, da ni ce kwance haka, sai dai ya leƙo ya tambaye ni inda na ajiye masa hula. In kin gaji da shi ki ba ni aro, ko na sati ɗaya ne."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi, ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Ni ma na yi, saboda cokalin na gab da bakina, idonsa kuma na kaina.

Da azahar, in masu jinya sun fita ɗakin ya yi shiru, sai ya jawo kujera ya matso, ya yi ƙasa da murya. Wata rana kuka zai yi. Ya ce bai san abin da ya shiga kansa ba, ya ce gara a ce nasa hannun ne ya ƙone. Hawayen na gaske ne, don na san na ƙaryarsa. Wata ranar kuma, yana ɓare min lemo, sai ya ce:

"Maman Kanari, kin san dai ke ma da laifinki. Ina miki magana kin ba ni ƙeya."

Na dubi lemon da ke hannunsa.

"Ba na son a shiga tsakaninmu. Mutane ba abin da suka iya sai ɓata gida. In aka ɗauke ni, wa zai miki wannan?" Ya ɗaga ɓarin lemon ya nuna min kafin ya sa min a baki. "Kuma yarinya na wajen Hajiya. Kin dai san Hajiya."

Kanari 'yarmu ce, shekararta biyar. Mun laƙaba mata sunan ne saboda tun da ta fara magana ba ta ƙara yin shiru ba. Hajiya kuwa mahaifiyarsa ce, kuma tun ranar da abin ya faru ya kai mata yarinyar. Na san Hajiya. Ba muguwa ba ce, amma ɗanta bai taɓa yin laifi a idonta ba, kuma abin da ya shiga gidanta da sunan jininta ba ya fita sai ta so.

Ummata ta zo a rana ta biyar. Tun rasuwar Abba tana zaune a gidan yayana, ɗaki ɗaya da jikokinta, a wani gari mai nisan awa huɗu a mota. Da ta ga hannuwana sai ta zauna a ƙasa, ba ta ko nemi kujera ba. Injiniya ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba ta labarin kaskon, ta yi ta sa masa albarka. Can ya ce bari ya samo mata ruwa mai sanyi. Na bi bayansa da ido har ya fita.

"Umma," na ce, "kaskon bai kife ba."

Tana gyara min ɗankwali a lokacin. Hannunta ya tsaya a kaina. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ƙara ba, don na riga na jiyo takalminsa a baranda. Ashe mai ruwan a bakin ƙofa yake. Ta karɓi ruwan ta yi godiya, ta riƙe shi har sanyinsa ya fita ba ta sha ba. Da za ta tafi ta ce, "Allah ya ba ki lafiya. Ki yi ta haƙuri." Na juya fuskata bango. Na ce ko dai ba ta ji ba, ko kuwa ta ji ta zaɓi abin da ta zaɓa.

Wuri ɗaya ne a asibitin nan da ba ya iya bina, ɗakin wankin ciwo. Duk bayan kwana biyu ake tura ni can. Nas ɗin da ke yi doguwa ce, har sai ta ɗan rusuna kafin ta wuce ƙarƙashin fitilar ɗakin, shi ya sa marasa lafiya ke ce mata Sista Doguwa. Ranar farko ya biyo keken har ƙofa, ta sa hannu ta tare.

"Nan kam sai mai ciwo, malam."

"Ni ne mijinta."

"Na gani. Ga benci can."

Ta rufe ƙofa, ta kunna wani ɗan rediyo da ke kan taga, ta ƙara masa murya. Daga baya na gane don kada na waje su ji ihunmu ne. Ba zan iya kwatanta wankin ƙuna ba. Ana jiƙa bandejin da ruwan gishiri a ɗaga shi a hankali, amma duk da haka sai ya tafi da abin da ya kama. Sannan a goge mataccen naman. Allurar da ake yi kafin a fara, rage zafin kawai take yi. Ni dai ƙusoshin rufin ɗakin nake ƙirgawa, in na ɓata in sake daga farko.

A wanki na huɗu, tana shafa farin maganin nan a bayan hannuna na dama, sai ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Shekarata goma sha huɗu a ɗakin nan. Matan da kasko ya kife musu na gani ba adadi. Cinya man yake samu, da ƙafa, wani lokaci ciki. Ƙasa yake bi, ba ya hawa wuya." Ta juya hannuna a hankali ta nuna min tafina, fes, ko ɗigo babu. "Wadda ta kai hannu za ta tare kasko, tafinta ke ƙonewa. Bayan hannu kuwa, na wadda ta rufe fuskarta ne."

Rediyon na ta tallan sabulu. Na ce, "Santsi ne ya ja ni."

"To," ta ce. Ta ci gaba da naɗi. Sai da ta ɗaure ƙarshen bandejin sannan ta ce, "Ba zan matsa miki ba. Amma jibi za ki dawo, bayan jibin ma za ki dawo, kuma ƙofar nan ni ke rufe ta."

A sati na uku aka yi min dashen fata. Suka yanko daga cinyata suka manna a hannun hagu da wuya, sai wuraren ciwon suka ƙaru. A kwanakin nan ne na dame shi ya kawo min Kanari. Ya yi ta ja, wai ba a barin yara su shigo. Iya ce ta sa baki, ta ce ai jikokinta duk Lahadi suna nan suna cinye mata ayaba.

Ya kawo ta ranar Lahadi, sanye da wata sabuwar riga da ban sani ba, an yi mata kitso irin wanda ba na yi mata. Ta tsaya a ƙarshen gadon tana riƙe da wandonsa. Yarinyar da ba ta shiru, ko "Mama" ba ta ce ba.

"Zo nan, ƙawata," in ji Iya. "Me ya sami Mamanki?"

Kanari ta ɗaga kai ta dubi babanta. Sannan ta dubi bango, ta faɗa da irin muryar da take biya karatun makaranta: "Mama tana suya, kasko ya kama zaninta, ya faɗi. Baba ya taimake ta." Ta sake dubansa. Ya shafa kanta.

Sai a lokacin na bar kaina na tuna. A safiyar nan jakar makaranta na goye a bayanta, tana tsaye a ƙofar kicin tana jiran dankalinta. Sati uku ina gaya wa kaina tana falo. Ba ta falo.

Na ce ta matso in gan ta. Ta matso, ta kai yatsa ɗaya ta taɓa bandejin, ta janye da sauri kamar shi ma zai ƙona ta.

Washegari, Sista Doguwa na rufe ƙofa, tun kafin ta kai hannu ga rediyon na ce, "Shi ne."

Ta kunna rediyon, ta jawo kujera ta zauna. Na faɗa mata komai, har da idon nan na shekarun baya. Ba ta yi ta jera min sannu ba. Ta tambaye ni ko na yarda ta kira matar ofishin walwala, na ce na yarda. Matar ta shigo ta ƙofar baya, wadda ake fitar da shara. Gajeriya ce mai ƙatuwar jaka. Ta rubuta, ta ɗauki hoton hannuwana da wuyana kafin a naɗe, ta karanta min abin da ta rubuta.

"Abin da zan iya da wanda ba zan iya ba, duka zan faɗa miki," ta ce. "In kin yarda, yau takardar nan za ta tafi wajen 'yan sanda. Za su kira shi. Wataƙila su riƙe shi, wataƙila su sake shi kafin yamma, ban isa in yi miki alkawari ba. Akwai gidan da muke ajiye mata, amma a cike yake, har a ƙasa ake kwana. Kuma babu mai yi miki wanka ko ba ki abinci a baki a can."

"'Yata fa?"

"Tana ina?"

"Wajen mahaifiyarsa."

Ta ajiye biro. "Wannan kam sai kotu, kotu kuma wata da watanni ne. Za su iya neman jin ta bakin yarinyar ma."

Na ga Kanari tsaye a gaban baƙin mutane, tana neman fuskar babanta kafin ta buɗe baki.

"Kina da inda za ki?"

Gidan yayana ɗaki biyu ne, mutum tara. Na girgiza kai.

Ta miƙo takardar in sa hannu, sai mu ukun muka dubi hannuwan a tare. Ba yatsun riƙe biro, ba babban yatsan dangwalawa. Sista ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta karɓi biron ta rubuta a ƙasa cewa a gabanta na faɗa. Na ce kada a tura tukuna, a ajiye. Matar ba ta yi mamaki ba. Ta ce za a ajiye, ranar da na ce a tura za a tura.

Da aka turo ni waje yana kan bencin. Ya miƙe da sauri ya karɓi keken.

"Yau kun daɗe."

"Dashen ne yake ruwa," in ji Sista. "Dole a bi shi a hankali."

Ta yi magana da likita aka ƙara min sati ɗaya. Bayan haka aka kawo wasu mata uku daga gobarar wani gidan burodi, ana neman gado, aka ce gobe zan tafi.

Da safe yana haɗa kayanmu cikin jaka, sai ga Umma ta shigo. Shi da kansa ya gaya mata ranar sallamar a waya, don a yaba masa. Ba ta zo da 'yar jakarta ta hannu ba. Ƙatuwar jaka ce a kanta, da tabarma a naɗe a hammata, da butarta.

"Umma, ai da kun bari mun zo mun gaishe ku in ta ji sauƙi," ya ce.

"Ba gaisuwa na zo ba, zama na zo yi." Ta ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. "Ka yi iya yinka, ɗana, Allah ya saka maka. Sati biyar shagonka na rufe. Yanzu ka koma neman abincinka. Wankan mace sai mace, ni na haife ta, ni zan yi. Ranar da hannunta ya iya riƙe cokali da ɗaura zani, sai in kama hanyata."

"Wallahi gaskiya ne!" in ji Iya daga gadonta. "Ku bar bawan Allah ya huta haka nan, duk ya rame."

Sauran matan suka amsa. Ya dubi wannan ya dubi waccan, murmushin na fuskarsa, jijiyar goshinsa a tsaye. Ya ce, "Yadda kuka ce, Umma."

A cikin mota ta zauna kusa da ni, ta ɗora hannu a gwiwata ta matse. Ba ta saki ba har muka isa.

Gidanmu ɗaki ɗaya ne da falo da kicin. Ya yi wa kicin ɗin sabon fenti, ya sayi sabon kasko. Umma ta shimfiɗa tabarmarta a gaban gadona, shi ya koma kan doguwar kujera a falo. Ita ke girki, ita ke min wanka, ita ke shafa min mai a sabuwar fatar, wadda ke ƙaiƙayi kamar ana yawo a ƙarƙashinta. Shi kuma ladabi har ya yi yawa. Da safe ya durƙusa, da yamma ya shigo da 'ya'yan itace.

Kanari dai ba ta dawo ba. Ya canza mata makaranta zuwa wata kusa da gidan Hajiya. Yakan kawo ta sau ɗaya a sati, ta yi awa biyu, yana zaune a wurin. Sau biyu Umma ta ce ya dawo da yarinyar, ai ga ta nan za ta kula da ita. Ya ce, "Gidan ya yi kaɗan, Umma. In hannun ya warke dai."

To komai sai ya koma kan hannun nan. In ya warke, Kanari ta dawo, Umma ta tafi, in rage daga ni sai shi sai yarinya. In bai warke ba, Umma na nan, 'yata kuma na can tana koyon kallon fuskar babanta kafin ta yi magana.

Duk sati yakan kai mu asibiti wajen mai koyar da motsa gaɓɓai. Mutumin ya ba ni wata 'yar ƙwallon roba, ya ce in ban riƙa matsa ta ba yatsun za su ƙage, kuma in suka ƙage shi kenan. Sai nake jira in ji babur ɗin Injiniya ya bar layi, in ɗauko ƙwallon daga ƙarƙashin katifa. Da farko ko lotsawa ba ta yi. A wata na biyu na riƙe cokali. A na uku na ɗaura zanina da kaina, na saka maɓallin riga. Umma ta gani ta juya kai tana share ido. Da yamma in ya dawo, sai in ɗora hannuwan a cinya kamar matattu, ita kuma ta ɗauko kwano ta zauna a gabana.

"Buɗe bakin mana," takan ce, fuska a ɗaure. "Ƙatuwa da ke sai an yi ta lallashi."

Wata Laraba da hantsi, tana so ta ɗinke bakin zaninta da ya warware, idonta kuma ba ya ganin kafar allura. Na karɓa. Ina zaune a bakin ƙofar kicin inda haske yake, na lashi bakin zaren, na saita, ya shige. Ina ɗagowa in nuna mata, sai na gan shi tsaye a ƙofar falo. Ya manta abin gwada wuta ne, ya bar babur a bakin titi ya tako da ƙafa.

"Ma sha Allah," ya ce. Ya ƙaraso ya durƙusa, ya kama hannuna ya juya shi, yana duban tabon kamar yadda yake duban wayar da ta ƙone. "Har zare a allura. Tun yaushe?"

"Yau ne farko."

"Yau ne farko," ya maimaita. Ya juya wajen Umma. "Kun ga aikinku ya yi kyau, Umma. Dama yayanta ya kira ni shekaranjiya, matarsa ta kusa haihuwa, suna buƙatarku. Zan samo mota ranar Asabar ta kai ku har ƙofar gida."

"Kanari fa?" na ce.

"In Umma ta tafi ai wuri ya samu." Ya saki hannuna a hankali, ya ɗauki abinsa a kan tebur ya fita.

Ranar Asabar motar ta zo tun bakwai. Jakar Umma na ɗaure a bakin ƙofa tun daren jiya, amma ita tana kwance a tabarma, ta dunƙule, tana nishi. Wai bayanta ne ya riƙe da ta tashi alwala. Direban ya yi ham sau biyu. Injiniya ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin.

"Bari mu biya asibiti, Umma, ga mota."

"A'a, ɗana, na san shi, tsohon ciwo ne. Motsi ne ba ya so. In na yi sati ɗaya a kwance zai sake ni. Wayyo ƙuguna."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dube ni, ina zaune a bakin gado.

"Allah ya sawwaƙe," ya ce. "Asabar mai zuwa kenan."

Muka ji ya sallami direban. Muka ji ya wanke fuska, ya ɗauki jakar kayan aikinsa, ya tayar da babur. Sai da ƙarar ta ɓace sannan Umma ta tashi zaune ta gyara ɗankwalinta.

"Na ji ki tun ran nan a asibiti," ta ce. Wannan ne karon farko da ta faɗa da bakinta. "Ina tsaye ubanki ya ce ki ɗauko mayafinki, ban ce uffan ba. Ni na riƙe miki jaka har bakin titi."

"Umma, ya wuce."

"Bai wuce ba, ga shi nan a hannunki." Ta murza bakin tabarma. "Ƙaryar ciwon baya ba ta wuce sati, kuma ya riga ya gane. Ba ni da ɗakin da zan kai ki. Ba ni da ƙarfin da zan ƙwato miki 'yarki. Kwana bakwai ɗin nan su ne abin da nake da shi, na ba ki."

"Me zan yi da su?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Wallahi ban sani ba."

A waje wata mai tallan kayan miya na ta kira, maƙwabciyarmu na tayawa ta saman katanga. Na tashi na tattara kofunan karin kumallo na kai kicin, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Ruwan famfon ya ɗan yi ɗumi da rana, sabuwar fatar ba ta son sa, amma na wanke su ɗaya bayan ɗaya na kife. Da na leƙo ɗaki, Umma ta koma ta kwanta, ta ja zani har wuya, ko da zai sake dawowa ɗaukar wani abu.